BABI NA UKU: RAGE ƘARFIN LANTARKI A MATSAYIN HANYAR HANA ZIRIN FITILAR LED YIN ZAFI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ire-iren fitilun zamani da yadda suka maye gurbin ƙwan lantarki mai zare da doguwar fitilar nan ta kwalba a gidaje da shaguna. Wannan babi kuwa zai tsaya ne a kan matsala guda ɗaya da ke damun masu amfani da zirin fitilar LED, watau yawan zafi. Zirin fitila shi ne fitilar nan mai kama da tef, wadda ake sayarwa a naɗe, galibi tsawon mita 5, ake manna ta a silin ɗaki, ko cikin shogilas na masu sayar da wayoyi da turare, ko jikin mota da a-daidaita-sahu domin ado. Akan ji mai shago yana kukan cewa zirin da ya saya bai yi wata shida ba ya dushe, ko ya saki gam ya faɗo, ko kuma wani sashe nasa ya mutu. Mafi yawan lokaci akan ɗora laifin a kan cewa kayan jabu ne. Wannan yana iya zama gaskiya, amma sau da yawa asalin cutar zafi ne, kuma ana iya magance ta da ɗan rage ƙarfin lantarkin da ake ba zirin. Babin zai nuna dalilin da ya sa ɗan ragi kaɗan yake kawo sauƙin zafi mai yawa, da hanyoyin da ake bi a yi ragin, da kuma wuraren da dabarar ba ta aiki.

3.1 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kafin a shiga cikin bayani, ya kamata a fayyace kalmomi huɗu da za a riƙa cin karo da su, domin a maganar yau da kullum Bahaushe yakan haɗe su duka ya ce "ƙarfin wuta". Hanya mafi sauƙi ita ce a kwatanta lantarki da ruwan tanki. Ƙarfin lantarki, wanda ake aunawa da bolt, shi ne kamar matsin da ruwa yake samu saboda tsawon hasumiyar da aka ɗora tanki a kai. Kwararar lantarki, wadda ake aunawa da amfiya, ita ce yawan ruwan da yake bi ta cikin bututu a kowace daƙiƙa, kuma amfiya ɗaya ta ƙunshi miliamfiya 1,000. Turjiya, wadda ake aunawa da om, ita ce ƙuncin bututun. Wat kuwa shi ne yawan wutar da abu yake ci, kuma ana samun sa ne idan aka ninka bolt da amfiya.

Dangantakar ukun farko wani masani Bajamushe mai suna Georg Ohm ne ya bayyana ta a shekarar 1827: idan aka raba bolt da om, sai a sami amfiya. Duk lissafin da ke cikin wannan babi a kan wannan ƙa'ida aka gina shi, kuma bai wuce ninkawa da rabawa ba.

3.2 Ƙirar Zirin Fitila

Ƙwayar LED ta farko mai bayar da jan haske Nick Holonyak ne ya ƙera ta a kamfanin General Electric na Amurka a shekarar 1962. An daɗe ba a sami shuɗiya mai haske sosai ba, sai da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano na Jami'ar Nagoya, da Shuji Nakamura na kamfanin Nichia, duka a ƙasar Japan, suka shawo kan matsalar. Shuɗiyar Nakamura ta fito a 1993, kuma su ukun sun sami kyautar Nobel a 2014. Wannan yana da muhimmanci a nan, saboda farar ƙwayar da ake gani a jikin ziri a asali shuɗiya ce. An shafe ta ne da wani sinadari rawaya da ake kira fosfo, wanda yake juya wani kaso na shuɗin haske zuwa rawaya, haɗuwar biyun kuma ido ya gan ta fari. Shi ya sa idan fitilar tana kashe ake ganin ƙwayoyin rawaya.

Shi kansa zirin wata siririyar leda ce mai lanƙwasuwa da aka shimfiɗa layukan jan ƙarfe a cikinta, aka jera ƙwayoyi a sama, aka sa gam a baya. Lambobin da ake gani a jikin kwali, irin su 3528 da 2835 da 5050, girman ƙwayar suke nunawa. Alal misali 5050 na nufin milimita 5.0 a tsaye da 5.0 a kwance, kuma a cikin kowace ƙwaya irin wannan akwai ƙananan fitilu uku.

A ziri mai aiki da bolt 12, ƙwayoyin an haɗa su ne uku-uku, kowane rukuni da ɗan baƙin rizista nasa, kuma a tsakanin rukuni da rukuni ne ake ganin alamar almakashi inda aka yarda a yanke. Idan ziri yana da ƙwaya 60 a mita ɗaya, ke nan rukuni 20 ne, ana iya yankewa a kowace santimita 5. Lambar da ke jikin rizistan ita ma tana da ma'ana. Idan an rubuta 151, ana nufin 15 a ƙara mata sifiri ɗaya, watau om 150. Wannan ɗan ƙaramin abu, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, shi kaɗai ne birkin da ke tsakanin ƙwayoyin da adafta ko batir.

3.3 Inda Zafin Yake Fitowa da Ɓarnar da Yake Yi

Mutane da yawa sun ɗauka fitilar LED ba ta zafi, domin in an kara hannu a gabanta ba a jin hucin da ake ji a gaban ƙwai mai zare. Gaskiya ne ƙwai mai zare yana mayar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na wutar da ya ci zuwa zafi, kuma LED ta fi shi tattali nesa ba kusa ba. Duk da haka, a zirin da aka saba saya a kasuwa, fiye da rabin wutar zafi take zama. Bambancin shi ne ƙwai mai zare yana watso zafinsa waje tare da haskensa, ita kuwa LED zafinta yana taruwa ne a wani ɗan wuri a tsakiyar ƙwayar, kuma ba shi da mafita sai ta baya, ta cikin jan ƙarfen zirin zuwa ga abin da aka manna shi a kai. Idan katako ne ko roba ko filasta, to zafin ya sami wurin zama. Alminiyam ya fi katako saurin ɗauke zafi fiye da sau dubu, wanda shi ne dalilin da ya sa ake ƙera wa ziri kwararo na alminiyam.

Bayan ƙwayoyin, rizista ma yana zafi, haka kuma layukan jan ƙarfen da ke ɗauke da wutar dukkan zirin. A nan ne ƙa'idar James Joule, Baturen Ingila da ya bayyana ta a farkon shekarun 1840, take shigowa: zafin da abu mai turjiya yake fitarwa yana ƙaruwa ne da kwarara ninkin kanta. Ma'ana, in kwarara ta ninka sau biyu, zafi sau huɗu zai ninka.

Ɓarnar zafi ba ta faruwa rana ɗaya. Ƙwayar LED ba ta cika mutuwa farat ɗaya kamar ƙwai mai zare ba, dushewa take yi sannu a hankali, shi ya sa masana'antu suke ƙirga ƙarshen rayuwarta daga lokacin da haskenta ya koma kashi 70 cikin ɗari na yadda yake tana sabuwa. Awa 50,000 da ake rubutawa a jikin kwali da wannan ma'auni ake nufi, kuma bisa sharaɗin cewa ƙwayar ba ta yi zafi fiye da ƙima ba. Zafi yana gaggauta dushewar ƙwayar, yana ƙona fosfo har launin hasken ya canza, yana mayar da robar da aka lulluɓe ziri mai hana ruwa shiga ta koma rawaya ta tsattsage, yana kuma sa gam ya saki. Masu gyaran kayan lantarki suna da wata ƙa'ida ta kintace, wadda ta samo asali daga aikin Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin a 1889, cewa ƙarin digiri 10 na zafi yana iya raba rayuwar kayan lantarki biyu. Ƙa'idar ba ta zama daidai cif a kan kowace ƙwaya, amma tana nuna girman abin da ake magana a kai.

Akwai kuma wani hali na LED da ke ƙara dagula lamarin. Yayin da ƙwayar ta yi zafi, bolt ɗin da take buƙata yana ɗan raguwa, kimanin milibolt 2 zuwa 4 a kowane digiri. Abin da ta bari sai ya koma kan rizista, kwarara ta ƙaru, zafi ya sake ƙaruwa. Rizistan yana hana abin ya zarce gaba ɗaya, amma bai hana ziri mai zafi ya fi mai sanyi cin wuta ba.

Har wa yau, alƙaluman da masana'antu suke bayarwa galibi an auna su ne a ɗaki mai digiri 25 a ma'aunin Salshiyas. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Kano da Yamai, zafin bazara a watannin Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40 a inuwa, cikin shagon kwano ko kwantena kuwa ya fi haka. Ke nan zirin da aka manna a irin wannan wuri ya fara ne da bashin digiri 15 ko fiye, tun ba a kunna shi ba.

3.4 Dalilin da Ya Sa Ɗan Ragi Yake Yin Babban Tasiri

Wannan shi ne ginshiƙin babin. Da a ce ziri rizista ne zalla, da ragin kashi 8 cikin ɗari na bolt zai rage kwarara da kashi 8 ne kawai. Amma LED dayod ce, kuma halin dayod shi ne ba ta barin wuta ta wuce sai bolt ya kai wani mizani, da zarar ya kai kuma sai ta riƙe shi kusan a wuri ɗaya komai yawan kwararar. Farar ƙwaya tana riƙe kimanin bolt 3. Guda uku a jere sun riƙe bolt 9 ke nan, saura bolt 3 daga cikin 12 shi ne rabon rizista. To duk ragin da aka yi daga adafta, kusan dukkansa daga cikin wannan ukun yake fita.

A duba lissafin. A bolt 12, an raba bolt 3 da om 150, an sami miliamfiya 20. In aka ninka da 12, kowane layi yana cin wat 0.24. Ziri mai ƙwayar 3528 guda 60 yana da layi 20 a mita, saboda haka yana cin wat 4.8. Mai ƙwayar 5050 kuwa, da yake fitilu uku ne a kowace ƙwaya, yana cin ninki uku, watau wat 14.4 a mita, wat 72 a naɗi mai mita 5, wanda ya yi daidai da amfiya 6. Waɗannan su ne alƙaluman da ake gani a jikin kwali, don haka lissafin ya dace da abin da ke kasuwa.

Yanzu a sauke adafta zuwa bolt 11. Da yake kwarara ta ragu, kowace ƙwaya za ta ɗan sassauta, a ce zuwa bolt 2.9, ukun su riƙe 8.7. Saura wa rizista bolt 2.3, wanda in aka raba da 150 ya ba da kimanin miliamfiya 15.3. In aka ninka da 11, layin yana cin wat 0.17. An rage bolt da kashi 8 cikin ɗari, kwarara ta ragu da kusan kashi 24, wutar da ake ci kuma ta ragu da kashi 30. Zirin da ke cin wat 14.4 a mita ya koma kimanin wat 10. Zafin rizista shi kaɗai ya sauka daga wat 0.06 zuwa 0.035.

Ana iya tambaya, to ai haske ma ya ragu. Haka ne, amma bai kai yadda zafi ya ragu ba, saboda dalilai biyu. Na farko, ƙwayar LED ta fi iya juya wuta zuwa haske idan ba a matsa mata ba, kuma mai sanyi ta fi mai zafi haske, don haka asarar hasken ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin biyar ba. Na biyu, idon ɗan Adam ba ya auna haske kamar sikeli. Tun a 1860 Gustav Fechner ya nuna cewa gaɓoɓin ji da gani suna lura ne da ninki fiye da ɗan ƙari ko ragi. Wanda ya shigo shago ba zai gane an rage kashi ɗaya cikin biyar ba sai in an jera masa ziri biyu a gefe ɗaya.

Domin a ga abin da wannan yake nufi a ma'aunin zafi, a ɗauka, don misali kawai, cewa wani ziri mai wat 14.4 da aka manna a katako yana hawa digiri 40 sama da zafin ɗaki. Hawan zafin yana tafiya ne daidai da wat ɗin da ake ci. A ɗaki mai digiri 42 zirin zai kai 82. In aka mayar da shi wat 10, hawan ya koma digiri 28, zirin ya tsaya a 70. Ragin bolt ɗaya tak ya sauke digiri 12.

3.4.1 Matsalar Batir da Sola

Lissafin nan yana aiki ta ɗaya ɓangaren ma, kuma a nan ne ya fi shafar ƙasar Hausa, inda ƙarancin wutar gwamnati ya sa mutane da yawa suke jona ziri kai tsaye da batirin mota ko na sola, bisa tunanin cewa batir mai bolt 12 ne, ziri ma mai bolt 12 ne. Sunan batirin ne kawai 12. Batirin dalma mai ruwa idan ya cika yana hutawa yana nuna kimanin bolt 12.6, idan kuma ana cajinsa, ko da sola ko da injin mota yana aiki, yakan kai 13.8 zuwa 14.4. Batirin litiyam na sola da ake yi wa laƙabi da bolt 12 shi ma cajinsa yana kaiwa 14.6.

A bolt 14.4, in kowace ƙwaya ta riƙe 3.2, ukun sun riƙe 9.6, saura wa rizista 4.8. Kwarara ta zama miliamfiya 32 a maimakon 20, layin kuma yana cin wat 0.46, kusan ninki biyu na abin da aka ƙera shi a kai. Rizistan yana fitar da zafin wat 0.15, alhali ƙaramin rizista mai girman 0805 wat 0.125 aka yi shi ya ɗauka. In aka koma misalin baya, zirin da ke hawa digiri 40 yanzu zai hau kusan 77, ya kai 119 a ɗaki mai digiri 42, tsakiyar ƙwayar kuma ya fi bayan zirin zafi. Galibin ƙwayoyi iyakar da aka yanka musu ba ta wuce digiri 110 zuwa 125 ba. Abin takaicin shi ne, lokacin da sola ta fi cika batir, watau tsakar rana, shi ne lokacin da shago ya fi zafi. Mai shagon da ya ga fitilarsa tana ƙyalli fiye da ta maƙwabcinsa yana murna, bai san rayuwarta ce take ƙonewa ba. In kuma an manna zirin kusa da yadi ko takarda ko kwalaben turare, to maganar ta wuce asarar fitila, ta koma barazanar gobara.

3.5 Hanyoyin Rage Ƙarfin Lantarki

Hanya mafi sauƙi, wadda ba ta cin ko kwabo, tana jikin adafta irin mai akwatin ƙarfe mai huji-huji. Kusa da inda ake ɗaure wayoyi akwai wani ɗan maɓalli da ake juyawa da ƙaramin sukundireba, an rubuta V ADJ a gefensa. Yawanci yana ba da damar ragi ko ƙari na kimanin kashi 10 cikin ɗari, watau daga bolt 10.8 zuwa 13.2. Sai a kafa maltimita a kan wayoyin da ke fita, a juya maɓallin a hankali har a ga 11 ko 11.2. Dole ne a yi hattara, domin wayoyin wutar gida mai bolt 230 suna nan dab da wurin. Yana da kyau a auna ko da ba a yi niyyar ragewa ba, saboda akan sami adaftar da aka saita ta sama da 12 tun daga masana'anta. Adafta mai rufaffen baƙin akwatin roba ba ta da wannan maɓalli.

Ga mai amfani da batir kuwa, abin da ya fi dacewa shi ne ɗan allon nan mai sauke bolt, wanda ake samu a wurin masu sayar da kayan gyaran rediyo da sola. Sanannu daga cikinsu su ne masu ɗauke da LM2596 da XL4015. Aikinsa shi ne ya karɓi bolt mai hawa da sauka ya fitar da adadi ɗaya tsayayye, kuma asararsa ba ta da yawa, yawanci tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. In an saita shi a 11, ko batir ya kai 14.4 zirin 11 zai gani. Sai dai a kula da abu biyu. Yana buƙatar abin da ke shiga ya fi abin da ke fita da bolt ɗaya zuwa ɗaya da rabi, don haka in batir ya yi ƙasa da dare hasken zai ɗan bi shi ƙasa, wanda ba ya cutar da komai. Sa'an nan LM2596 amfiya 3 ce iyakarsa a rubuce, a aikace ma in ya wuce 2 yana buƙatar ƙarfen sanyaya shi. Bai isa ya ɗauki naɗin 5050 cikakke ba, sai a raba zirin ko a nemi allo mafi girma. A ganin wannan nazari, wannan ita ce hanyar da ta fi cancanta a koya wa masu haɗa sola a ƙauyuka da kasuwanni.

Wasu masu gyara sukan jera dayod ɗaya ko biyu a kan wayar da ke zuwa ziri, domin kowace dayod ta silikon tana cinye bolt 0.7 zuwa 1. Dabarar tana da arha, amma ragi take yi ba daidaitawa ba: dayod biyu za su mayar da 14.4 kimanin 12.8 da rana, su mayar da 12.2 kimanin 10.6 da dare. Ban da haka, zafin da aka ɗauke wa ziri wani kasonsa ya koma kan dayod ɗin. A amfiya 4 zuwa 5 kowace ɗaya tana fitar da kusan wat 4, wanda ya isa ya ƙona yatsa. Dayod ɗin nan da ta fi yawa a shagunan gyara, 1N4007, amfiya ɗaya kawai take ɗauka, 1N5408 kuma amfiya 3. Wanda ya sa ƙaramar a kan dogon ziri ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Akwai kuma dima, ƙaramar na'urar da ake murɗawa ko ake sarrafawa da rimot. Ita ba bolt take ragewa ba, kunnawa da kashewa take yi sau ɗaruruwa ko dubbai a daƙiƙa, ta yadda in an sa ta a kashi 70 zirin yana hutawa kashi 30 na lokaci. Zafi yana raguwa daidai da haka, launin haske kuma ba ya canzawa. Illarta ita ce mai arha tana ƙyafta haske a hankali har wasu su ji ciwon kai, kuma layuka baƙaƙe sukan fito a hoton bidiyo na waya. Haka kuma a kan batir mai bolt 14.4, duk lokacin da ta kunna, miliamfiya 32 ɗin nan ce take bi ta cikin ƙwayar.

Abin da ba ya aiki sam shi ne rage wuta daga bango. Adafta ta zamani an yi ta ne ta fitar da bolt 12 ko wutar gida ta hau ko ta sauka, da yawansu ma suna karɓar daga 100 zuwa 240. Sa mata ragileta ta fanka ko dimar ƙwan ɗaki ba zai sanyaya ziri ba, sai dai ya lalata adaftar.

3.6 Iyakokin Dabarar

Duk bayanin da ya gabata ya shafi ziri mai rizista ne. Akwai ziri mafi tsada da aka sa masa 'yan na'urori masu tsayar da kwarara a wuri ɗaya. A irin wannan, rage bolt ba ya rage kwararar ƙwayoyin, sai dai ya ɗan sauƙaƙa wa na'urorin, in aka zarce kuma haske ya faɗi farat ɗaya. Ziri mai wasa da launuka ƙwaya-ƙwaya, irin mai WS2812B da ke aiki da bolt 5, shi ma ba a taɓa masa bolt, daga na'urar da ke sarrafa shi ake rage haske. Zirin da ake jonawa kai tsaye da wutar gida ba tare da adafta ba kuwa, ba abin da aka faɗa a nan da ya shafe shi, kuma taɓa shi a kunne haɗari ne ga rai.

A ziri mai launi uku, ja da kore da shuɗi, ragin yana canza launi. Jar ƙwaya bolt 2 kawai take riƙewa, ukun sun riƙe 6, saura wa rizistanta 6. Cire bolt ɗaya daga 6 bai kai cire shi daga 3 ciwo ba, saboda haka kore da shuɗi sun fi ja dushewa, farin da ake haɗawa da su ukun sai ya karkata zuwa ja-ja. Ga mai ado wannan ba komai ba ne, amma ga mai sayar da atamfa ko shadda, wanda cinikinsa ya dogara da a ga launin kaya yadda yake, abin dubawa ne.

Ragin ma yana da iyaka. A bolt 10 kwarara ta koma kusan rabi, a wajen bolt 8 kuma farin ziri ya kusa mutuwa gaba ɗaya. Tun kafin a kai nan bambancin da ke tsakanin ƙwayoyi yake fara bayyana, wani rukuni ya fi wani haske. Daɗin daɗawa, bolt yana raguwa da kansa a tsawon ziri saboda sirantar jan ƙarfen, shi ya sa farkon ziri ya fi ƙarshensa haske da zafi. In an ba farkon 11, ƙarshen mita 5 yana iya samun 10 ko ƙasa da haka. Maganin wannan shi ne a kai wa zirin wuta ta kai biyu da waya mai kauri, kada kuma a jona naɗi a bayan naɗi. Ziri mai bolt 24, wanda ƙwayoyinsa suke shida-shida, ya fi sauƙi ta wannan fuska domin rabin amfiya yake ja, kuma kwatankwacin 11 a wurinsa shi ne 22.

Rage bolt bai ɗauke wa mai haɗawa sauran ƙa'idoji ba. Zirin da ya kai wat 14.4 a mita yana buƙatar kwararon alminiyam ko da an rage masa wuta. Mai rufin roba na waje ne inda ruwa yake taɓawa, a cikin ɗaki rufin zafi kawai yake tarawa. Ba a barin ziri a kunne yana naɗe a kan faifansa fiye da ɗan lokacin gwaji, domin kowane zagaye yana dafa na kusa da shi. Ita ma adafta ba a ɗora mata fiye da kashi 80 cikin ɗari na abin da aka rubuta a jikinta.

Wajen saitawa, akan fara ne daga bolt 11.5, a bar zirin a kunne na rabin awa a inda zai zauna, a lokacin da wurin ya fi zafi, sa'an nan a taɓa bayan zirin ko alminiyam ɗin kusa da inda waya ta shiga. In yatsa ba ya iya zama a kai na 'yan daƙiƙoƙi, zafin ya kai wajen digiri 60 ko fiye, sai a ƙara saukewa da bolt 0.3, a sake jira rabin awa. In an kai 10.5 kuma har yanzu yatsa bai zauna ba, to abin da aka manna zirin a kai ne ya kamata a canza.